Dije ta ce ta gan ni biyu, na yi dariya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da sahe ina dama kunu anka aiko min Dije mai daddawa ta Birnin Tsaba ta rasu. Ludayin ya faɗi.

Ni Kulu ce. Ɗiyata ka rubuta min a wayarta, ni ban iya ba.

Dije ƙawata ce tun muna ɗaukar talla. Ba ta taɓa bari na sayi daddawa ba, sai ta ƙulle min a bakin zane ta ce, "Tahi, miyarki ta ban tausai."

Ran kasuwar Shinkahi da ta wuce munka haɗu. Fatar idonta guda ta sauko, kamar mai jin kwana. Ta ce, "Ke Kulu, yau biyu nika ganinki, wace zan gaida?"

Na ce ta gaida mai kyawun. Munka yi ta dariya.

Ta ce bayan idon ka mata ciwo, wanzami zai yi mata ƙaho.

Jiya tana daka ta dahe kai ta yi ƙara, wai kanta ya tsage, ba ta taɓa jin irinai ba. Sai amai, wuya ya sandare. Anka ɗaure mata kai da kallabi tamau, ana jiran wanzami. Koda anka kai ta asibitin Ƙaura, ba ta gane kowa.

Likita ya ce jijiyar jini ce cikin kai ta kumbura ta fashe. Wai idon nan gargaɗi ne. Ya ce hawan jini da taba ka jawo shi, kuma yana bin dangi. Haka uwarta ta tahi.

Jama'a, ni da Dije rana guda anka auna mu anka ce muna da hawan jini. Magani guda anka ba mu, amma ba mu sha sai ran da kai ya sara. Nawa na nan cikin kwalla.

Tsoro nika ji wallahi.

Na haɗiye maganin yau. Gobe ɗiyata za ta kai ni awon jini, kuma ba ni tahiya sai da Rabi ƙanwar Dije, ko tana so ko ba ta so.

Wanda idonai ya sauko ko kai ya sara mai farat ɗaya, ku bar wanzami, ku nemi mota zuwa asibiti.

Allah ya jiƙan Dije, ya haskaka kabarinta. Don Allah wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Ni da Rabi ma ku sa mu ciki.