Zoɓon da Ya Motsa Allura

Shekarar da damina ta yi gardama, gero ya tsaya bai wuce gwiwa ba, ita ce shekarar da malaman jami'a suka tafi yajin aikin da ba ranar dawowa. Na tattaro komatsaina daga Rijiyar Zaki, na hau motar Tsanyawa, na dawo ƙauye na zauna. Zaman bai yi wa Baba daɗi ba. Ya ce kawuna mai fataucin awaki yana neman wanda zai riƙa bin mota da dabbobi zuwa kudu. In ban nuna masa abu guda da aka koya mini wanda yake aiki a garin nan ba, to boko ta ƙare, kawu zan bi. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Ni ko tsoro ban ji ba, zumuɗi ne ya cika ni, don ina da abin nunawa. Malaminmu na fiziks ya ara mini mitar auna lantarki mai allura da 'yan gilasai kamar farcen babban yatsa, biyu an shafe su da wani farin gari, ɗaya kuma na turara shi da hayaƙin aci-bal-bal har ya yi baƙi. Abin da ya hana ni sukuni tun a aji shi ne wannan: jan launin zoɓo ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma in rana ta daki ƙwaya ɗaya, sai ta saki ɗigon lantarki ta miƙa wa farin garin, shi ya miƙa wa waya, kamar yadda magina suke jefa wa juna tubali. Zoɓon da muke sha. Wallahi duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Na roƙi Inna ɗan zoɓon da ya rage mata, na jiƙa a ƙwarya, na tsoma farin gilashi ɗaya don ya sha launi, na tafi sallar azahar. Da na dawo, ruwan ya zama shuɗi-shuɗi kamar na marina. Inna ta zo wucewa ta ɗanɗana, ta ji tsami ya yi yawa, ta jefa kanwa, kamar yadda take yi tun kafin a haife ni. Na haɗa wayoyi duk da haka, allura ko gezau.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, wa ya ce miki sha za a yi?"

Ta ce, "To zoɓo in ba sha ba, wanka ake yi da shi?"

Ta shige ɗaki. Ni kuma na zauna a gindin darbejiya da farin gilashi ɗaya tal, ba zoɓo a gidan, har na fara jin warin bunsurun kawu a hancina.

Washegari da hantsi sai ga Inna da zoɓo cikin gefen zani. Gida-gida ta bi, a shekarar da ko barkono ba a bayarwa da sakin fuska. Ta ce in jiƙa, ita za ta yi gadi. Ta kuwa zauna kan turmi da muciya a hannu, ba kaza ba akuya, har ni sai da na nemi izini kafin na leƙa. Gilashin ya fito ja jawur. Na ɗiga masa aidin ɗin da na samo a kemis, na kifa baƙin gilashin a kai, na matse su da abin shanya kaya, na haɗa wayoyin mitar, na kai tsakar gida inda rana ta fi zafi.

Allura ta ɗaga. Kaɗan ne, amma ta ɗaga, ta tsaya cak. Na yi tsalle har na ture ƙwaryar, ina dariya kamar zautacce, na ruga zaure na janyo Baba da hannun riga, abin da ban taɓa yi ba.

Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Batir ka ɓoye a ciki."

Na ce, "Baba, yi masa inuwa."

Ya cire hularsa ya kare rana, allura ta kwanta. Ya janye, ta miƙe. Ya sake, ya kuma sakewa, ransa na ƙin yarda hannunsa na ci gaba, zufa na zuba a ƙeyarsa. Daga bayansa Inna ta ce, "Malam, zoɓona ne fa."

Baba ya karkaɗe hular ya mayar kansa, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce da ni, "Je ka gaya wa kawunka ya nemi wani."