Ciwon da Na Ɓoye Ya Bi Ni Ƙarƙashin Teku

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗalibin digiri na biyu a fannin ilimin teku, saurayi mai ji da kansa. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, daga baya muka koma unguwar Kudai inda mahaifina ke sayar da turare. Duk danginmu babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa, shi ya sa ake kallona kamar wani gwarzo. Ranar Lahadi nake shiga mota zuwa Jidda inda jami'armu take, in dawo Makka ranar Alhamis. Bincikena a kan murjanin da ke ƙarƙashin Bahar Maliya ne, kuma ba ya yiwuwa sai mutum ya yi nutso da kansa.

Abin da ban gaya wa kowa a jami'a ba shi ne ina da asma tun ina ƙarami. Da aka ba mu takardar lafiya kafin horon nutso, na zo kan tambayar ciwon numfashi, na rubuta babu, don na san in na faɗi gaskiya a ɗakin gwaji zan ƙare. Ummi, mahaifiyata, ita ce kaɗai ta tsare ni ranar da ta ga kayan nutso a jakata, ta tambaye ni ko malaman sun san halin ƙirjina. Na ce mata sun sani. Ta ce Allah ya tsare.

Wata safiya muka fita da jirgin ruwa, ina fama da ragowar mura. Bibbiyu ake sauka, ni kuma aka haɗa ni da wani ɗan'uwa ɗalibi, magidanci, da ke shekararsa ta ƙarshe ta digiri na uku. Ya ji ina tari, ya tambaye ni ko lafiya, na ce ƙalau. Mun yi nisa ƙasa, ina auna wani reshen murjani, sai na ji ƙirjina ya matse. Ina jan iska daga tukunyar da ke bayana amma ba ta wuce maƙogwaro. Na ɗaga kai, hasken sama ya yi mini nisa, duhu ya fara rufe idona. Wallahi ko kalmar shahada na kasa haɗawa a zuciyata. Duk abin da aka koya mana na cewa a hau a hankali ya ɓace mini, na yunƙura sama da ƙarfi. Ɗan'uwan nan ya cafke ni yana ƙoƙarin rage mini gudu, ni kuwa ina ta dukansa, har na ja shi muka fito tare da saurin da jiki ba ya ɗauka.

A asibiti na farfaɗo. Ni na warke cikin kwanaki, shi kuwa kunnensa na hagu ya mutu, likita ya ce ya bar nutso har abada, alhali bincikensa bai kammalu ba. Da na je na gaya masa gaskiya bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, da na faɗa masa a cikin jirgi, da shi zai auno mini murjanin. Malaminmu ya cire ni daga aikin teku.

Har yau idan na sa kai cikin ruwan wanka gabana faɗuwa yake. A da na ɗauka ciwon nawa ne, sirrin ma nawa ne, ashe ran wani na ɗora a kai. Ina roƙon duk ɗalibin da aka miƙa wa irin takardar nan ya rubuta gaskiya ko da za ta hana shi abin da yake so. Duk sanda muka haɗu da bawan Allahn nan, sai ya juyo mini da kunnen dama kafin ya amsa sallamata.