Allurar da ba mu taɓa miƙa maka ba

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, hannunka ya saki tsani a hawa na uku na ginin da muke gyarawa. Kafin azahar likita ya fito ya ce mana sai haƙuri. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma.

Mai Allura, shekara goma sha huɗu na yi a ƙarƙashinka ina riƙe injin fasa kankare, kuma in yau ina iya ɗaure wa ɗiyata igiyar takalmi, bayan Allah kai ne sila. Kai ka fara gaya mana cewa injin nan ba kankare kaɗai yake ci ba. Girgizarsa tana cin jijiyar hannu a hankali, yatsu su fara minjirya, su yi fari fat in an yi sanyi, daga nan su daina jin komai. Ka hana kowa wuce rabin awa a kansa ba a karɓe shi ba. Ka hana mu damƙe shi kamar za mu shaƙe ɓarawo, ka ce a bar nauyinsa ya yi aikin. In bakin injin ya dakushe kuwa, ko Manaja na tsaye sai ka cire shi ka sa sabo.

Sai allurar da ta ba ka suna. Kowace safiya kana ajiye ta a kan teburin ƙarfe na bakin sito, mu yi layi, kowa ya ɗauke ta da yatsa biyu. Wanda ta gagara, ranar ba shi ba inji, sai shara ko tura baro. Mun sha yi maka tsiya cewa ka mai da mu teloli. Ranar da ta gagare ni har sau uku, na rantse maka sanyi ne kawai. Ka ƙi saurarona, ka ɗauki injina ka haɗa rabona da naka. Na yini ina jin haushinka. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina sau nawa kake yin haka a mako ba, alhali mu goma sha ɗaya ne.

A wurin zaman makoki Manaja ya zo ya yabe ka. Ya ce a shekara ashirin ba ka taɓa kuka da ko ɗan yatsa ba, tsautsayi ne kawai, ko kuma ka yi gaggawa. Muka gyaɗa kai, har da ni.

Da ya tafi, maiɗakinka ta aika a kira ni bakin ƙofa. Ta ce shekara biyu ke nan ita take sa maka maɓallin riga, kofin shayi ma da hannu biyu kake ɗauka. Ta miƙo mini takardu uku da rubutun hannunta, domin biro ya daina zama a yatsunka. Duka zuwa ga Manaja ne, kana roƙon a mai da kai sito, a kuma kawo injuna masu sauƙin girgiza da aka daɗe ana yi mana alkawari. An dawo da kowacce da sa hannunsa a ƙasa, da amsa iri ɗaya: bayan an gama wannan aikin.

"Maigidana ya hana ni gaya muku," in ji ta. "Ya ce in kuka sani ba za ku ƙara barin ya karɓe ku ba, kuma wanda allura ta gagara za a tilasta masa komawa kan inji."

An ci amanarka, Mai Allura. Mutumin da ya sa hannu sau uku shi ne ya zauna a kan tabarmar gidanka ya ce ba ka taɓa magana ba. Ka yafe mini, amma kai ma ina da ƙorafi a kanka, domin ka kafa mana doka ka cire kanka daga ciki. Namu laifin ya fi yi mini ciwo. Kullum muna ganin da gefen hannu kake turo allurar daga cikin kwali, amma ba wanda ya taɓa cewa kai ma ɗauka mu gani.

Jiya aka kawo rahoton da ya ce sakacinka ne ya jawo faɗuwar, aka ce mu sa hannu. Na ƙi, na kai takardunka uku wurin jami'in da ke binciken hatsarin. An ce mini in fara neman wani aikin, to, Allah na nan. Yau da safe na ajiye allurarka a kan teburin, ni na fara gwadawa. Ta gagari mutum huɗu, babu kuma mai karɓar rabonsu, sai injuna huɗu suka yini a sito.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka biyar da mahaifiyarka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya zama gatansu. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka kan hannuwan mutum goma sha ɗaya da ka tsare. Ranar hisabi Allah Ya miƙa maka littafinka a hannun dama, Ya kuma mayar maka da ƙarfin riƙe shi. Amin.