Sunan Inna a Jikin Robar Yaji

Ni dai ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Daga aji biyu na sakandare na gudo Abuja, lokacin farar hula sun karɓi mulki, ko'ina gini ake yi. Na yi lebura, na yi acaɓa har aka hana mu shiga cikin gari, na sayar da katin waya a ƙarƙashin lema. Duk sana'ar da na kama, kafin a san ni da ita na saki. Yaji ne kaɗai ya riƙe ni.

Yajin Inna ne, mahaifiyata, tana Zariya. In na je gida takan ƙullo min a leda. Mai tsiren bakin layinmu a Karmo ya ɗanɗana, ya ce in kawo masa na sayarwa. Na koma na zauna gefen turminta na koyi haɗin, yadda take gasa kimba sama-sama kafin ta daka, da lokacin da citta ke shiga. Na fara zubawa a 'yan robobi, aka buga min sitika a Mararaba. Sunan da na sa a jiki shi ne laƙabin da matan gidanmu ke kiran ta da shi tun tana amarya. Ban tambaye ta ba. A ganina abin alfahari ne.

Abin ya karɓu. In an tashi daga aiki ina bakin ƙofar ma'aikatu da jakata, har masu shaguna a Kubwa suka fara cewa in ajiye musu.

Ina da yaya, ɗan yayar Inna, ita ta raine shi bayan uwarsa ta rasu, ɗaki ɗaya muka tashi. Shi ya yi karatu, yana aikin gwamnati. Wata rana ya juya robar a hannunsa ya ce, "Kai, ka yi wa sunan nan rajista kuwa?"

Na ce, "Rajistar me, Yaya? Yaji ne fa, ba mota ba."

Ya ce, "Gobe wani zai buga sitika irin taka, ka wayi gari ba ka da bakin magana."

Gaskiya ya faɗa. Muka je ofishin rajistar tare. Layi, a ce hau sama, a ce sauko, kawo hoto, ina katin shaida. Kafin azahar ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na ce, "Yaya, ka ƙarasa kawai, ai duk ɗaya ne." Ya ƙarasa da sunansa, ya biya daga aljihunsa. Bai ɓoye min ba, ni ne na ce madalla.

Rigimar ta taso ne da ya samo wani mai injin niƙa da zai riƙa yi mana buhu-buhu. Na lasa na ji ƙuli-ƙuli ya yi yawa, gishiri ya yi yawa, an zuba kala, kimba kuwa sai dai labari.

Na ce, "Wannan ba yajin Inna ba ne."

Ya ce, "Manyan kantuna kwali-kwali suke so, kai kana nan kana fama da taɓarya. Ka zo ka riƙa raba kaya in yanka maka albashi. In ba ka so, ƙanena, ka nemi wani suna."

A Karmo in ciniki ya rikice shaidu ake kira, ni abin da na sani ke nan. Na ɗauki mai tsiren nan da dattijon da nake haya a gidansa, suka sa kayan Juma'a, muka je wajen wani lauya a Wuse, mijin wata kwastomata. Ya saurare su tsaf, har lemo ya sa aka kawo musu. Sannan ya juyo kaina.

"Malam, kana da rasit na sitikar farko da aka buga maka?"

Babu.

"Shagunan da kake kai wa, akwai inda kake rubutawa? Kuɗin yajin yana da asusunsa daban a banki?"

Kuɗin yaji da na shayin safe aljihu ɗaya suke shiga. Na faɗa masa haka.

Ya ce wanda ya riga amfani da suna yana da magana, ba wai ba shi da ita ba. Amma Yaya zai iya cewa ni yaronsa ne da ke masa talla, kuma duk wata takarda sunansa ne a kai.

Mai tsire ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mutane ba ne?"

"Mutane ne, Baba, kuma zan kira ku. Sai dai shari'ar za ta ja, kuma ɗan'uwansa ne zai tsaya a ɗaya gefen."

Sai na ga gara in kai wa mai sunan ƙara. Na hau mota zuwa Zariya da robobi biyu, tawa da ta Yaya, don ta lasa ta raba gardama. Inna ba ta karanta boko. Ta riƙe robar nesa da ido ta ce, "Me aka rubuta a nan?"

Na faɗa mata. Na kuma kwashe labarin rigimar da zuwanmu wajen lauya na ba ta.

"Sunana ne ke yawo a kasuwa? Maza suna kira a shago?"

Na ce, "Inna, yabo ake yi."

"Har gaban lauya aka kira shi?"

Ko buɗe robobin ba ta yi ba. Ta sa na kira mata Yaya a wayata, ta ce mu duka biyu mu cire mata suna daga jikin kayanmu. Ina jin muryarsa yana cewa, "To Inna, in sha Allahu, bari wanda aka buga ya ƙare."

Na dawo Karmo na jiƙa robobina a baho, na kankare sitika ɗaya bayan ɗaya har farcena ya yi laushi. Shagunan Kubwa suka ce ba sa karɓar kaya marar suna, ga shi kuma na Yaya mai ɗauke da sunan yana nan ana kawo musu da araha. Wajen lauya ban koma ba, don in aka shiga kotu da ƙarfi za a riƙa kiran sunan nan a gaban jama'a.

Yanzu masu tsire nake kai wa a leda. Wani sunan ma na kasa zaɓa. Na Yaya yana nan jere a kantunan cikin gari, har da sabuwar sitika mai ƙyalli. Duk sanda na je gida, bayan mun gaisa, Inna takan rage murya ta ce, "Yayanka ya cire?"

Sai in ce mata yana ƙoƙari.