Muciyar Tsohuwar Bayan Kogi

Ban yi karatun boko ba, don haka maƙwabciyata Malama Binta ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

A Utai na girma, a hannun kakata Tabawa. In an gama tuwon dare ba a kashe murhu. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tura karan dawa cikin wuta, ta binne mana gyaɗa a toka. Mu jikoki mu zagaye ta, ƙafafunmu duk sun yi furu-furu, ita kuwa tana kaɗi, tana dangwalar alli, mazarinta na juyawa. Ba ta ɗago kai in za ta fara. Sai dai ka ji ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ma so, amma ita ta fi yawan kawowa. Wai wata yarinya ce ubanta ya kwanta ciwo. An yi na sha, an yi na turare, shiru. Aka ce mata a bayan kogi akwai tsohuwa mai tukunyar magani. Ta haye, ta tarar da tsohuwar zaune gaban wata ƙatuwar tukunya. Ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta. Tsohuwa ta miƙa mata muciya ta ce, "Tuƙa."

Yarinya ta duba muciyar, ta ga mariƙinta ya lotsa saboda hannuwan da suka riƙe ta. Ta tuƙa damina ta wuce, aka yi kaka, rani ya shigo. Kullum sai ta ce, "Iya, ya nuna?" A nan kakata kan shaƙe murya ta zama tsohuwar: "Wadda ta riƙe kafin ke ma haka ta yi ta tambaya." Da shekara ta zagayo sai ga wata yarinya ta hayo kogi tana kuka, uwarta ba lafiya. Tsohuwa ta ce a miƙa mata muciya. Ta farko ta ce, "To ubana fa?" Tsohuwa ta ce, "Maganin da ya tashe ki daga ƙyanda kina goye, kin san wadda ta tuƙa shi?"

Daga nan kakata ta ce, "Ta ƙare a kan ɓera." Mu yi ta ƙorafi. "Kaka, uban fa? Ya warke?" Sai ta ce, "Ku tono gyaɗarku, za ta ƙone." Ta rufe garwashi da toka, ta shige ɗaki. Har ta bar duniya ba ta amsa ba.

Aure ya kawo ni Wudil. Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, igiya yake tufkawa ya kai kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a. Mu muka riƙe Rukayya, 'yar ɗanmu, tun daga yaye. Ta kai jami'a tana karatun harhaɗa magunguna, sai makarantarsu ta tura ta Legas, ta yi shekara guda tana koyon aiki a wani wuri da ake binciken sababbin magunguna. A daidai lokacin ne idon Malam ya koma rawaya, cikinsa ya fara ɗagawa. Mun je asibiti, aka ce hanta ce, aka ba mu abin da za a iya, likitan yana magana yana kallon ƙasa.

Ni abin da na sani tun tasowata, wanda ya je gidan mai magani ya yi masa shekara yana hidima, da magani yake dawowa. Don haka na ɗora zuciyata a kan tafiyar yarinyar nan. Ana gobe za ta tafi na gangara bakin kogi wurin wani icen madaci, na yi masa sallama yadda kakata ke yi, na sassaƙi ɓawonsa ta gabas da ta yamma. Na ƙulle a tsumma mai tsabta na ba ta. Na ce, "Ki kai wa manyanku su auna, su haɗa da nasu." Ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi kakanta a kan tabarma, ta karɓa.

In ta kira waya, Malam ke fara karɓa.

"Amaryata, bokanyar Turai, yau me kika dafa?"

"Malam, ɓeraye na wuni ina aunawa."

"Mu nan tarko muke ɗana musu, ku can kuna musu hidima. To ki gaishe su."

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa in na karɓi wayar, tambayata ɗaya ce: "Ya nuna?" Ta yi mini bayani ba sau ɗaya ba. Farar riga take sawa da safar hannu, ta wuni tana ɗiga ruwa a wasu 'yan ramuka na faranti, ta jira kwanaki, ta leƙa a madubin ganin ƙwayoyin cuta, ta rubuta. "Iya, kuma sashen da aka sa ni na zazzaɓin cizon sauro ne, ba na hanta ba." Na ce, "Ai duk magani ne, 'yar nan." Kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi. Na riƙa ce wa Malam, "Ka daure, Rukayya ta kusa." Shi kuma ya ce, "To, Allah ya kawo ta." Yanzu na gane ya sani.

Damina na tsaka ya rasu. Rukayya ta zo gaisuwa, ta koma ta ƙarasa watanninta. Lokacin da ta dawo gaba ɗaya na riga na fita takaba. Da magariba ta shigo ɗakina, ta buɗe akwati, ta ajiye mini ƙullin nan a cinya. Ƙullin hannuna ne, ko kwance shi ba a yi ba.

"Ba a shiga da komai daga waje, Iya. Na tambaya. Aka ce sai an nemi izini, an samu masu ɗaukar nauyi, abin shekaru ne. Na kasa faɗa miki."

Na ce, "Naku fa?"

"Ya kashe ƙwayar cutar, amma ya ɓata ƙodar ɓerayen. An ajiye shi, sun fara wani. Shekara guda, Iya, ko ƙwaya ɗaya ban kawo masa ba." Ta kifa kai a gwiwata. "Ba zan koma makarantar ba. Me zan ƙarasa?"

Ba ni da ilimin da zan yi mata gardama, ba ni da maganin da zan ba ta. Na ja hannunta muka fito gindin murhu, na tura itace, na ce, "Ga ta nan tafe, ki ba ta wuri." Na ba ta tatsuniyar tun daga kogi har miƙa muciya. Da na kai ƙarshe ta ɗago, idonta jajir.

"Iya, uban ya warke?"

Na dubi toka. Ban binne gyaɗa ba, ba ni da abin da zan tura ta tonowa. Na ce, "Bai warke ba." Muka yi kuka har wutar ta ci kanta.

Na yi shekaru ina ɗauka kakata rowar ƙarshen labari take yi mana. Ashe mace ce da ta binne 'ya'ya da miji, ta san ƙarshen, ta ga bai dace da bakin yara masu jiran gyaɗa ba. Darasin gaskiya ne, na yarda. Wani ya tuƙa na sha, wani zai sha abin da Rukayya ta taɓa. Amma ba ya ɗauke mini komai in na ga tabarmar Malam a naɗe, da ragowar igiyar da bai gama tufkawa ba.

Rukayya ta koma makaranta. Ban ce tatsuniyata ce ta mayar da ita ba, ban sani ba. Bayan motarsu ta tashi na shiga ɗaki don in jefa ƙullin madacin nan a murhu, na ɗaga matashi inda na ajiye shi, na tarar babu shi. Ta tafi da shi. Ta kira waya sau da yawa tun daga nan, kuma ban ƙara tambayarta ko ya nuna ba.