Shaidar da Na Ba Deden Kusnadi

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 14 ga Mayu, bayan azahar, ɗana Yudha ya kira ni daga asibiti ya ce Deden Kusnadi ya cika. Ciwon hanta ne. Shekarunsa talatin da bakwai.

Birninmu Bandung ya yi rashin mawaƙi. Ni kuwa ba zan yi ƙarya don mutum ya mutu ba: shekara goma sha biyar na yi ina kiransa mai lalata 'ya'yan mutane, kuma a gaban maƙwabta nake faɗa.

Deden, a garejinmu kuka fara, ku huɗu, kun manne bango da kwalayen ƙwai wai don kada ƙara ta fita. Ta fita. Kana ihu da jita a wuya, Yudha yana jibgar ganguna kamar sun yi masa laifi. Sunan ƙungiyar ma, Rufi Mai Yoyo, bai yi kama da na masu hankali ba. Ranar da Yudha ya bar jami'a don ku zagaya tsibirin Java da faifanku na farko, na ce kada ƙafarka ta sake taka gidana. Ba ka taɓa karya dokar ba, ni ma ban taɓa janye ta ba.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama maigidana, duk Alhamis motar kayan kiɗanku tana bakin ƙofa don kai shi gashin jiki. Shekara uku kana wannan tuƙi. Wata safiya ka miƙo mini ledar awara mai zafi ta saman ƙyaure.

"Mama, hannu ne kawai ya shigo, ƙafa tana waje."

"Je ka aske gashin nan, ka koma kamar tsintsiya."

"In na aske, Mama, da me za ki gane ni ki kore ni?"

Na karɓi awarar. Ban ce ka shigo ba.

A cikin motar nan kiɗanku ya sauya. Tsofaffin waƙoƙin ƙabilar Sunda maigidana yake so, ka riƙa kunna masa har suka shige ka. Faifanku na uku ya fito da sarewar gora, ihu ya ragu, aka fara jin abin da kake cewa. Masoyanku na dā suka ce kun tsufa, da yawa suka watse, ba ka bi su da lallashi ba. Na ji waƙa ɗaya a rediyo ina guga. Na saurara har ƙarshe, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba da safe aka fito da kai. Liman ya tsayar da masu ɗauka a ƙofar gidanku ya yi tambayar da ake yi a nan kan kowane mamaci: "Jama'a, wannan bawan Allah mutumin kirki ne?"

Samari masoyanka masu baƙaƙen riguna sun cika layi, suka amsa. Ni na yi shiru. Unguwa ta san abin da na sha faɗa, kuma ni na koya wa 'ya'yana cewa ba a shaidar ganin ido. Yudha, yana ɗauke da kai a kafaɗa, ya juyo yana kallona. Liman ya maimaita. Na laluba shekarun nan duka, na sami sigari da gashi da jami'ar da aka bari, ban sami ranar da ka cuci wani ko ka ɗaga mini murya ba. A karo na uku na ce, "Mutumin kirki ne," da ƙarfin da ya sa matan gefena suka waiwayo.

Har gobe karatu ya fi jita, sigari kuma guba ce, samari ku ji. Amma iyaye 'yan'uwana, kada ku jira sai liman ya tambaye ku.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Euis, da matarsa Nenden, da 'yarsa Laras, da abokansa uku da ya bari. Allah Ya ba ku juriya. Ya Allah Ka jiƙan Deden, Ka yafe kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Shaidata ta zo a ƙurarren lokaci, amma gaskiya ce. Ka karɓa.