Sallar Hure Mai Ƙuli

A Toranke, in ka ce Hure mai ƙuli, ba wanda zai ce maka wace. Mace ce jibgegiya, in za ta shiga zaure sai ta karkace, ga baki ga dariya. Tun tana amarya take matsar man gyaɗa, kuma ba ta taɓa barin tunkuza ta wuce ba ta ɗanɗana ba. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Inuwa. Al'adarta ma ba ta ɗauke da wuri ba, sai da sa'o'inta suka daɗe da hutawa. Da ta ɗauke kuwa, Hure ta yi murna, ta ce yanzu ita da sallah da azumi ba fashi.

Shekaru suka shuɗe. A azumin shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ta shiga kewaye da hantsi ta ga jini. A saninta, jini in ya zo wa mace haila ne, mai haila kuwa ba ta sallah, ba ta azumi. To amma kaka guda, mai furfura, ta zauna cin tuwo da rana a gaban surukarta Hansai? Ai gara ƙasa ta tsage.

Sai ta ɓullo da dabara, kuma wallahi dabarar banza ce. In an kira sallah ta ɗauki buta kamar kowa, ta shimfiɗa buzu, ta yi ta duƙawa tana tashi, ba niyya ba karatu. Azumi kuwa, ta faki ido ta kurɓi ruwa a bayan randa don ya karye, sannan ta wuni da yunwa tare da masu lada. Jinin ya ɗauke, ya dawo, ya sake dawowa, har ta daina gane ranar tsarki. Tsummokaranta a cikin ɗaki take shanyawa, bayan gado. Damina ta wuce, wata ta zo, Hure tana nan tana sallar ƙarya, kunya tana cin ta ciki da waje.

Ranar da jiri ya kayar da ita a gindin turmi, Hansai ce ta ɗago ta, ta ga jini a zanen. Sai ta yafa mayafi ta kirawo Malama Gaji, tsohuwar da ke karantar da matan unguwa.

Hure ta juya fuska bango ta faɗi komai.

“Haba Hure!” in ji Malama. “Shekara nawa da ɗaukewar abin? Wannan ai ba haila ba ce, jinin ciwo ne. Ba ya hana sallah. Ki yi tsarki ki yi alwala, shi ke nan.”

“Malama, duk waɗanda na bari fa?”

“Suna wuyanki. Amma fara zuwa asibiti.”

Hansai ce ta gaya wa mijinta Inuwa, don Hure ba za ta iya haɗa ido da ɗan fari a kan wannan magana ba. Malamin asibitin Gaya ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a wuce Kano. A can aka sa ta barci, aka kankaro cikin mahaifar aka kai ɗakin gwaji. Wata nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani: bangon mahaifar ne ya yi kauri, shi ke zubar da jini. Yakan faru ga mace mai ƙiba, ko wadda al'adarta ta daɗe ba ta ɗauke ba. Wani na lafiya ne, wani kan rikiɗe ya zama ciwon daji. Nata ya kama hanya, don haka za a cire mahaifar.

“Ku cire,” in ji Hure. “Me zan yi da ita?”

Aka yi aiki lafiya, ta dawo gida ta warke. Daga nan ta shiga ramuwa. Kowace sallah sai ta bi ta da wata, Litinin da Alhamis bakinta a rufe, ƙuli ma ta bar wa Hansai. Malama da Hansai ba su taɓa faɗa wa kowa dalili ba.

Shi ya sa gari ya ɗauka Hure ta zama baiwar Allah ta musamman. Mata suka fara kawo jarirai ta tofa musu addu'a. Wata rana wata mai jego ta durƙusa a bakin buzunta ta ce, “Inna, ki roƙa mana Allah ya ba mu ko rabin ibadarki.”

Hure ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan carbi. Ta so ta faɗa mata gaskiya, bakin ya ƙi buɗuwa. Ta tofa wa jaririn, ta miƙa shi, ta tashi ta tayar da wata sallar.